Yanka Ƙyallen Jirgin Ruwa: Yadda Tsawo, Faɗi da Ciki Ke Ƙara Gudu ko Rage Shi

Kano ba ta bakin teku, amma tana da ruwa mai faɗi fiye da yadda mutanen birni da yawa suke zato. Akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, akwai ta Challawa a wajen Ƙaraye da aka gama a 1992, ga kuma Watari a Bagwai. A kan waɗannan ruwaye kwalekwale na tafiya ne da filafili ko gora ko inji, alhali iska tana kaɗawa kyauta, daga arewa maso gabas lokacin hunturu, daga kudu maso yamma da damina. Wanda ya kafa wa ƙaramin jirgi jigo ya ɗaura masa ƙyalle zai iya mora wannan iska, amma sai ya san irin ƙyallen da zai yanka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga hoton jiragen tsere na Turai masu dogon ƙyalle siriri, a ɗauka cewa tsawo shi ne gudu. Tsawo yana da ribarsa, yana kuma da farashinsa, kuma dukansu ana iya lissafa su da biro da takarda kafin a taɓa almakashi.

Bari mu daidaita sunaye tukuna. Sandar da ke tsaye ita ce jigo. Wadda ke kwance a ƙasan ƙyalle ita ce sandar gindi. Gefen ƙyallen da ke manne da jigo shi ne bakin gaba, wanda iska ke fita ta kansa kuma bakin baya. Igiyar da matuƙi ke riƙe da ita yana ja yana sassautawa mu kira ta linzami, domin aikinta ke nan.

Yadda ƙyalle ke jan jirgi

Idan iska tana bayanka, ƙyalle tura shi kawai ake yi, kamar yadda iska ke cika babbar riga. A nan girman ƙyalle ne kaɗai magana, siffarsa ba ta da wani tasiri mai yawa, kuma jirgin da ke tafiya a haka ba zai taɓa wuce gudun iskar da ke tura shi ba.

Abin ya bambanta idan iska tana zuwa daga gefe ko daga gaba a karkace. A nan ƙyalle fiffike ne. Iska tana bin lanƙwasarsa ta ɓangarorin biyu, ƙyallen yana karkatar da ita zuwa baya, matsin iska ya ragu a bayan ƙyallen ya ƙaru a cikinsa, sai a sami ƙarfin da ke jan ƙyallen zuwa wajen da ya kumbura. Kaɗan daga wannan ƙarfi ne ke kai jirgi gaba, mafi yawansa gefe yake tura shi. Shi ya sa dole a sa wani allo a cikin ruwa ya tokare, in ba haka ba jirgin zai riƙa zamewa gefe kamar ƙwarya. Da ƙyalle mai kyau da allo mai kyau, ƙaramin jirgi yana iya fuskantar iska har kusan digiri 45 daga inda take fitowa. Ƙasa da haka ƙyallen sai ya hau kaɗawa kamar tuta. Wanda yake son zuwa daidai inda iska ke fitowa sai ya yi tafiyar kwana-kwana, ya yi dama ya yi hagu har ya isa.

Ƙarfin yana bin gudun iska ninki cikin ninki. Ƙyalle mai murabba'in mita 4 a iska mai gudun kilomita 18 a awa yana ba da ƙarfi kamar nauyin kilo 7. Idan iskar ta kai kilomita 36, ƙarfin zai ninka sau huɗu, ya kai wajen kilo 29. Riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu koma kansu.

Lambar siranta

Ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Auna tsawon ƙyalle daga gindi zuwa ƙololuwa, ka ninka shi da kansa, ka raba da yawan murabba'in mitar ƙyallen. Abin da ya fito shi ne lambar siranta. Ga ƙyalle mai kusurwa uku akwai gajeriyar hanya: tsawo sau biyu, a raba da faɗin gindi. A kula, wasu masu jirage tsawo kawai suke rabawa da gindi, don haka lambarsu rabin tamu ce. In ka ji an faɗi lamba, tambayi da wane lissafi aka fitar da ita.

Ɗauki ƙyalle uku, kowanne murabba'in mita 4. Na farko tsawonsa mita 2.83, gindinsa ma haka, lambarsa 2. Na biyu tsawo mita 4, gindi mita 2, lambarsa 4. Na uku tsawo mita 5, gindi mita 1.6, lambarsa ta ɗan haura 6. Yadi ɗaya aka kashe musu, amma halinsu a kan ruwa ya sha bamban.

Dalilin shi ne yoyo. Tunda matsin iska ya fi yawa a cikin ƙyalle, iska tana neman hanyar zagayawa zuwa bayansa, kuma tana samun ta a wuri biyu, ta saman ƙololuwa da ta ƙarƙashin sandar gindi. A nan take murɗewa ta zama 'yar guguwa da jirgi ke ja a bayansa duk inda ya nufa. Yin wannan guguwa yana cin ƙarfi, ya zama turjiya mai mai da jirgi baya. Ƙyalle gajere mai faɗi kusan dukansa yana kusa da bakin yoyo. Dogo siriri kuwa mafi yawan jikinsa yana nesa da shi. Bajamushen nan Ludwig Prandtl na jami'ar Göttingen ne ya fitar da lissafin wannan a 1918, yana nazarin fukafukan jirgin sama. Amma duk wanda ya kalli tsuntsaye ya ga misalinsa. Tsattsewa mai dogon fiffike siriri tana yini a sama ba ta gaji ba, zabo mai gajeren fiffike mai faɗi yana tashi da ƙarfi nan take, amma ba ya nisa.

A bisa lissafin Prandtl, idan ƙyalle yana aiki daidai gwargwado, turjiyar yoyo tana cin kashi 16 cikin 100 na ƙarfin ja a lamba 2, kashi 8 a lamba 4, kashi 5 a lamba 6. Wannan na fiffike marar aibi ne, na ƙyallen gaske ya ɗan fi haka, amma tsarin bai canza ba. Dubi yadda ribar take raguwa. Daga 2 zuwa 4 an rage rabin asara, wanda ya yi daidai da ƙarin kusan digiri huɗu da rabi wajen fuskantar iska. Daga 4 zuwa 6, da duk ƙarin mita guda na jigo, digiri ɗaya da rabi kacal aka samu.

Digiri kuwa lokaci ne. A ce kana son ka ci kilomita 3 zuwa inda iska ke fitowa, jirginka yana gudun kilomita 6 a awa. Idan digiri 60 yake iya yi, awa guda cur za ka yi. A digiri 55 minti 52, a digiri 50 minti 47, a digiri 45 wajen minti 42. Ribar dogon ƙyalle ke nan, kuma a wannan tafiya ta fuskantar iska kaɗai take.

Farashin tsawo

Ƙarfin iska a kan ƙyalle mai kusurwa uku yana taruwa ne a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa daga gindi. A ƙyallenmu uku wannan wuri yana santimita 94, da 133, da 167 sama da sandar gindi. Ƙara mita guda a kan kowanne, wato tazarar da ke tsakanin sandar gindi da tsakiyar allon da ke cikin ruwa, domin a tsakanin waɗannan wurare biyu ne ake murɗa jirgi a kwantar da shi. Sai ka ninka wannan tsawo, a mita, da ƙarfin iska da muka riƙe, wato kilo 7 ko 29, ka sami ƙarfin da ke kwantar da jirgi. A iskar kilomita 18 lambobin su ne 14, da 16, da 19. A iskar kilomita 36 sun zama 56, da 68, da 77.

Me zai tsayar da jirgin? A ƙaramin jirgi nauyin matuƙi ne. Mutum mai kilo 70 da ya matsa santimita 60 daga tsakiyar jirgi yana ba da 42, wato 70 sau mita 0.6. Ka ga a iska mai sauƙi duk ukun suna cikin ikonsa, dogon ma ya fi daɗin tuƙi. Da iska ta ƙarfafa duk ukun sun fi ƙarfinsa, amma na ukun ya kusa ninka shi biyu. Dole ya sassauta linzami ya zubar da iska, kuma ƙyallen da ake zubar wa iska yana kaɗawa ba ya jan komai. Jirgin da ya kishingiɗa da yawa ma gudunsa raguwa yake yi, domin allonsa ya karkace, gefensa yana tura ruwa, kansa kuma yana ta neman juyawa cikin iska har sai an danne shi da allon tuƙi, wato na bayan jirgi da ake juya shi da shi, wanda shi ma birki ne in aka karkata shi da yawa.

Akwai farashi na biyu. Dogon ƙyalle ba shi da haƙuri. Idan aka ja linzami fiye da kima, kusurwar da iska ke bugun ƙyalle ta wuce wajen digiri 15 zuwa 20, iskar da ke bin bayansa sai ta ɓalle ta hargitse, ƙarfin ja ya faɗi lokaci guda. Gajeren ƙyalle mai faɗi yana ci gaba da ja har kusan digiri 30 ko fiye. A ruwan dam, inda iska ke zuwa a tsinke saboda tudu da itatuwan bakin gaɓa, tana sauya fuska kowane ɗan lokaci, wannan haƙuri yana da daraja ƙwarai, musamman ga mai koyo. Gwaje-gwajen da Czesław Marchaj, ɗan ƙasar Foland, ya yi a jami'ar Southampton ta Ingila sun nuna cewa idan iska tana zuwa daga gefe ko daga baya a karkace, wasu ƙyallaye na gargajiya, irin na mutanen tsibiran tekun Fasifik, suna ba da ƙarfi fiye da dogon ƙyallen zamani. Jiragen katakon da ke yawo tsakanin Lamu da Zanzibar, da waɗanda ke kan kogin Nilu, suna amfani da ƙyalle mai faɗi a kan gajeren jigo tun ƙarnuka da dama, kuma suna ɗaukar kaya da shi.

Na uku shi ne jikin jirgin kansa. Jirgin da ke ratsa ruwa, ba mai shawagi a samansa ba, yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanka masa. Mai tsawon mita 4 a kan ruwa yana tsayawa a wajen kilomita 9 a awa, mai mita 5 wajen kilomita 10. Siririn kwalekwale yana iya ɗan ƙetare wannan, mai faɗi ba ya iyawa. Da zarar an kusanci iyakar, ƙarin ƙarfi igiyar ruwa kawai yake tayarwa.

Saboda waɗannan dalilai, shawararmu ga jirgi mai mita 4 zuwa 5 a ruwayen Kano ita ce lamba tsakanin 2.5 da 3.5, da ƙyalle da bai wuce murabba'in mita 4 ba. Optimist, ɗan jirgin da ake koya wa yara tuƙi da shi a ƙasashe da yawa tun 1947, tsawonsa mita 2.3 ne, ƙyallensa bai kai murabba'in mita 4 ba, gajere ne mai kusurwa huɗu, kuma yana fuskantar iska sarai. Idan kwalekwalenka bai kai faɗin mita ɗaya da 'yan kai ba, kada ka kafa masa jigo sai ka ɗaura masa matokari a gefe: sanduna biyu a gicciye, a ƙarshensu bututun roba mai kauri da aka toshe bakinsa biyu, nesa da tsakiyar jirgi kamar mita ɗaya da rabi.

Ciki da murɗiya

Lambar siranta ana yanke ta sau ɗaya. Ciki kuwa kullum ana gyara shi, kuma ƙyalle mai lamba 3 da ciki mai kyau zai bar mai lamba 5 da aka ɗinka shi kamar buhu.

Ciki shi ne zurfin lanƙwasar ƙyalle idan iska ta cika shi. Ka ja zare daga bakin gaba zuwa bakin baya, ka auna daga zaren zuwa inda ƙyallen ya fi zurfi, ka raba da tsawon zaren. Kashi 10 cikin 100 shi ne matsakaici. A iska mai sauƙi, ko idan iska tana gefe, ana so ya kai 12 zuwa 15 don ƙarin ƙarfi. A iska mai ƙarfi a mai da shi 7 ko 8, ƙarfi ya ragu, turjiya ta ragu, jirgi ya miƙe. Wurin da zurfin yake ma magana ce: a bar shi wajen kashi 40 zuwa 45 cikin 100 daga bakin gaba. Idan ya gangara baya ya wuce tsakiya, bakin baya sai ya lanƙwaso ciki kamar ƙugiya, ƙarfin ya koma na kwantar da jirgi, gudun ya mutu. Haka tsohon ƙyalle yake yi in ya miƙe, kuma shi ya sa yadin atamfa ko shadda ba sa wannan aiki, suna shan ruwa, suna miƙewa, iska kuma tana ratsa su.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar yadin da ake bukata don a sami ciki. Ƙarin kashi 2.7 cikin 100 a kan faɗi yana ba da zurfin kashi 10. Wato a gindi mai mita 2.2, in ka sassauta igiyar da ke jan kusurwar baya da santimita 6 kawai, ka sami ciki mai zurfin santimita 22. Masu koyo suna sassauta taƙi guda ko fiye, su wayi gari da jaka.

Murɗiya kuma ta samo asali ne daga halin iska. Kusa da fuskar ruwa iska ba ta da gudu kamar a sama. Ga kuma iskar da tafiyar jirgi kanta ke haifarwa, irin wadda mai babur yake ji a fuska ko da ganye ba ya motsi. Idan aka haɗa biyun, iskar da saman ƙyalle ke ji ta fi zuwa daga gefe, ta ƙasa kuma ta fi zuwa daga gaba. Don haka ana so saman ƙyalle ya ɗan buɗe fiye da ƙasansa. Idan ya buɗe da yawa sama tana kaɗawa a banza, ƙyallenka na mita uku da rabi ya koma aikin na mita biyu, lambar sirantar da ka biya kuɗi a kanta ta salwanta. Maganinsa igiya ce daga gindin jigo zuwa sandar gindi, kamar santimita 50 daga jigon, a ɗaure ta a karkace don ta hana sandar ɗagawa. A iska mai ƙarfi kuwa da gangan ake barin sama ta buɗe, don ƙarfi ya sauko ƙasa.

Yanka da ɗinki

Ga ma'auni da za ka iya bi kai tsaye: bakin gaba mita 3.5, gindi mita 2.2, bakin baya mita 4.13. Murabba'in mita 3.85 ke nan, lambarsa 3.2.

Nemi tamfol na roba mai saƙa, mai kauri, a Sabon Gari, aƙalla mita 4.5 da mita 2.2. Fari ya fi, domin ba ya ɗaukar zafi kuma kana ganin inuwar zaren gwaji, wanda ake mannawa don ganin yadda iska ke bin ƙyalle, ta cikinsa. Shimfiɗa shi a daɓe mai laushi da safe kafin rana ta sa shi ya saki, ka danne kusurwoyi da bulo. Abu mafi muhimmanci a nan, wanda kowane tela ya sani, shi ne yadi yana miƙewa idan aka ja shi a karkace da saƙarsa. Bakin baya ne ya fi shan ja kuma ba shi da sandar da za ta riƙe shi, saboda haka ka shimfiɗa shi daidai da zaren saƙa. Bakin gaba da gindi su ɗauki karkatar.

Bayan ka zana kusurwa ukun da layi miƙaƙƙe, sai gyaran gefuna. A bakin gaba, auna mita 1.2 daga ƙasa, ka fita waje da santimita 4, ka lanƙwasa siririn bututun roba ya bi ta ƙasa, ta wannan alama, zuwa ƙololuwa, ka zana. Idan aka ɗaura wannan lanƙwasasshen baki a miƙaƙƙen jigo, rarar yadin takan koma cikin ƙyalle ta zama ciki. Amma jigo yana lanƙwasa idan iska ta cika ƙyalle, yana kuma cinye rarar. Don ka san nawa zai ci, ɗora jigon a kan kujeru biyu, ɗaya a ƙololuwa ɗaya a inda zai fito daga jirgi, ka rataya jarka mai lita 10 cike da ruwa a tsakiya, ka auna yadda ya sunkuya. Ƙara wajen rabin wannan a kan santimita 4 ɗin. In ya sunkuya fiye da santimita 10, jigon ya yi laushi, nemi wani.

A bakin baya akasin haka za ka yi, ka shiga ciki da santimita 5 a tsakiya. In ka bar shi a miƙe zai riƙa karkarwa, karkarwar kuma tana cinye tamfol cikin 'yan makonni. Gindi a bar shi a sake, kusurwoyinsa biyu kaɗai za a ɗaure a sanda, don ka iya ƙara ciki ko rage shi da igiya ɗaya.

Bar santimita 5 a kowane gefe don kalmasa. A cikin kalmasar bakin gaba sa igiya mai kaurin milimita 6 wadda ba ta miƙewa. Kowace kusurwa a ƙara mata faci uku, na santimita 35, da 25, da 15, babban a ƙasa. Kai wa masu ɗinkin tamfol ko rumfar adaidaita sahu, ka ce su yi ɗinkin zigizag da zaren roba, taku mai faɗi kamar milimita 5. Ɗinki mai ƙananan taku yana jera huji kusa da juna, tamfol ya yage a kan layin kamar takardar rasit. A buga zoben ƙarfe a kusurwa uku, da kuma kowane santimita 30 a bakin gaba.

Kada ka fita ba ka yi wurin rage ƙyalle ba. Santimita 80 sama da gindi, sa zobe mai faci a bakin gaba da bakin baya, da 'yan igiyoyi huɗu a tsakaninsu. Idan ka sauke ƙyallen ka ɗaure a nan, ya koma murabba'in mita 2.3, an rage kashi 40 cikin 100, wurin taruwar ƙarfi kuma ya sauko.

Jigo zai kai mita 4.6: santimita 40 a cikin jirgi tsakanin mazauninsa na ƙasa da katakon da ke riƙe shi a sama, 60 daga nan zuwa sandar gindi don kai ya wuce, sauran na ƙyalle. Busasshiyar gora mai kaurin santimita 6 zuwa 7 a gindi tana yi, ko bututun alminiyom na inci 2 daga Ƙofar Ruwa. Bututun ƙarfe ya yi nauyi, kuma kowane kilo a saman jigo yana taya iska kwantar da jirgi. Kada ka ɗaga sandar gindi fiye da bukata, domin tazarar da ke ƙarƙashinta ita ce babbar ƙofar yoyo.

Allon cikin ruwa

Duk abin da aka faɗa a kan siranta ya hau kan allo, domin shi ma fiffike ne, a ruwa yake aiki. Ɓangarensa da ke nutse ya zama kamar kashi 4 cikin 100 na ƙyalle, wato santimita 65 a tsaye da 25 a faɗi. Katako mai kaurin santimita 2 zuwa 2.5 daga 'Yan Katako na Na'ibawa ya isa. A zagaye bakinsa na gaba, a fiƙe na baya. Ɗaura shi a gefen jirgi da ƙusa mai noti guda ɗaya don ya iya juyawa baya in ya bugi kututture ko tudun yashi, abin da ba a rasawa a ruwan dam.

Wurinsa ya kasance daidai ƙarƙashin inda ƙarfin ƙyalle ke taruwa, wato wajen santimita 70 bayan jigo. A kan ruwa za ka tabbatar. Saki allon tuƙi kana cikin tafiya: in jirgi ya juya kansa a hankali zuwa cikin iska ya tsaya, daidai ne, haka ake so, domin ko ka faɗa ruwa zai tsaya ya jira ka. In ya juya da ƙarfi, matsar da allo baya da santimita 5 ka sake gwadawa. In kuwa ya kauce wa iska ya ƙara gudu, matsar da allon gaba tun kafin ka sake fita, wannan hali yana kifar da jirgi.

Gwaji da karanta ƙyalle

Manna zaren ulu mai tsawon santimita 15 a ɓangarorin ƙyalle biyu, santimita 40 daga bakin gaba, a wuri uku daga ƙasa zuwa sama, da wasu biyu a bakin baya. Idan duka suna kwance suna kallon baya, iska tana bin ƙyalle yadda ya kamata. In na bayan ƙyalle yana rawa, ka ja linzami da yawa, sassauta. In na ciki ne ke rawa, ja kaɗan. In na sama da na ƙasa ba sa yarda da juna, murɗiya ce ba ta daidaita ba. Mafi yawan masu koyo ja suke yi fiye da kima, domin ƙyallen da aka ƙulle yana cika fam, jirgi yana kishingiɗa, sai mutum ya ji kamar gudu yake yi alhali gefe yake zamewa. Ka'idar ita ce ka sassauta har bakin gaba ya fara motsi, sannan ka ja kaɗan har ya daina. Wayar hannu mai nuna gudu, a cikin leda, za ta raba gardama.

Malaman makarantun kimiyya da fasaha za su iya nuna wa ɗalibai duk wannan da ƙananan jirage biyu masu jiki iri ɗaya, tsawon santimita 50, ɗaya da ƙyalle mai tsawo 40 da gindi 40, ɗayan tsawo 57 da gindi 28. Yadinsu ɗaya, lambobinsu 2 da 4. A sa musu dalma mai nauyi ɗaya a ƙasan allo, a sake su a tafkin wanka ko wani ruwa mai tsabta, ba kududdufin unguwa ba, saboda tsargiya. Da iska a gefe za su tafi kusan tare, a fuskantar iska dogon zai wuce, da iska ta ƙarfafa kuma shi zai fara kwanciya.

Fitar farko a babban ruwa a yi ta da hantsi lokacin hunturu, a rana mai sauƙin iska da ƙarancin hazo, kusa da gaɓa, da wani kwalekwale a kusa. Kowa ya sa rigar ceto, mutum biyu ne iyaka, kuma a ɗaure jarkoki marasa komai a cikin jirgi, gaba da baya, don ko ya cika da ruwa kada ya nutse. Mutanen Kano ba su manta da hatsarin jirgin Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 ba, kuma ƙyalle yana ƙara wa jirgi hanyar kifewa a kan waɗanda yake da su. Linzami a hannu yake zama, ba a ƙulle shi a jikin jirgi ko a naɗe shi a hannu, don a iya sakinsa cikin ƙiftawar ido. Da damina kuma a riƙa duban gabas. Hadarinmu daga can yake tasowa, iskar da ke gabansa tana isowa kafin ruwan, kuma daga wata fuska dabam da wadda kake tafiya da ita. Da ka ga gabas ta haɗe, sauke ƙyallen gaba ɗaya, ɗaure shi a sandar gindi, ka ɗauki filafili ka nufi gaɓa mafi kusa.